Kwano Na Biyu

A Gidan Matasa na Tawa, bayan isha'i,
suka ɗaure farin ƙyalle tsakanin ƙarfe biyu.
Kwana uku, in ji takardar da ke bango:
fina-finan Asiya, shiga kyauta.

Yaran Geben Zogi sun riga kowa zama,
suna gwada naushi da iska,
don a wurinsu Cainis duka ne,
Indiya kuwa rawa cikin furanni.

Ni Gwaggo Habsu na ɗauko a bayan moto.
Ta ce zafin ɗaki ya koro ta, ba kallo ba.
Ta shimfiɗa gyale kan benci,
ta ce: "Kai da ka yi lakwal,
karanta mini abin da ke gudu a ƙasan nan."

Fim ya soma. Ba wanda ya doki wani.
Wata tsohuwa ce, a bene hawa goma sha huɗu,
a birnin da ruwan sama bai san hutu ba,
tana wanke shinkafa.
Ta wanke, ta tsiyaye, ta sake wankewa.
Wani ya ja tsaki daga baya:
"Wannan ai ko a gida ina ganinsa."
Aka yi dariya.

Ni ina kama Faransanci ta wutsiya
ina juye shi Hausa a kunnen Gwaggo:
ta ce kifi ya yi tsada,
ta ce gwiwa ta hana ta barci,
ta ce jirgin ruwan ɗanta yana wani teku,
zai kira in sun sami rezo.

Sai tsohuwar ta ajiye kwano biyu.
Ta cika wannan, ta cika wancan,
ta jera ƴan sanduna a bakin na biyun,
ta zauna ta ci nata
tana fuskantar kujerar da ba kowa.

Gwaggo ta dafa mini hannu.
"Bari," ta ce. "Wannan na ji shi."

Nan wuta ta ɗauke.

Wayoyi suka buɗe ido ɗaya-ɗaya.
Agali ya durƙusa gaban inji, yana ja yana mita,
mai ƙanƙarar zoɓo ta ci kasuwarta,
jama'a suka shiga ƙarasa fim da baki:
zai dawo, ba zai dawo ba,
ya mutu tuni, ita ce ba a gaya wa ba.
Wani mushe ya ce ruwan saman nan alama ce.
Aka ce a aiko mana alamar Adar, mu shuka gero.

Gwaggo ba ta tanka ba.
Na san akushin da ke bayan randarta,
wanda take rufewa da faifai kowane dare,
shekara shida, tun da Tanimun ya hau motar Agadas.
Da safe ɗumame ne. Mu muke ci.
Ba mu taɓa tambayar na wa ne ba.

Inji ya yi tari, ya kama.
Amma Agali ya ɓata inda aka tsaya,
ya jefa mu gaba: ga tsohuwar a tasha
da laima, da leda a hannu.
Jirgin ƙasa ya zo, ya zazzage mutane, ya wuce.
Sai sunaye suka shiga hawa,
rubutu kamar sawun kaji a jiƙaƙƙen yashi.
Ba wanda ya karanta ko ɗaya.

Yara suka ce an cuce su.

A hanya, daidai tabkin Babaye,
ta matso da baki kusa da kunnena:
"Matar nan ruwa ya yi wa shinkafarta yawa.
Kuma ba a barin kwano a buɗe. Ƙuda."
Na ce wasa ne, Gwaggo, biyan ta aka yi.
Ta yi shiru har ƙofar gida.

Tana sauka ta ce: "Gobe ma ita ce?"
Na ce a'a, na gobe daga wata ƙasa yake.
Ta gyara gyale, ta nemi takalmi da ƙafa.
"To ka zo da wuri," ta ce.
"Bencin gaba nake so."